A fara daidaita iyakar teku kafin ƙuri'ar Sikotlan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Rahotonku kan kiran jam'iyyar SNP, mai fafutukar 'yancin Sikotlan, na a sake ƙuri'ar ɓallewar Sikotlan daga Birtaniya bai taɓo iyakar teku tsakanin Sikotlan da Ingila ba, alhali a teku man fetur yake.

Layi biyu ake da su. Dokar 1968 ta ja iyaka miƙe zuwa gabas daga wajen Berwick, garin da ke kan iyakar Ingila da Sikotlan. Ta 1999 kuwa ta karkatar da ita arewa maso gabas, ruwan Sikotlan ya ragu da kimanin murabba'in mil 6,000. Dukansu tsarin cikin gida ne kawai na Birtaniya, ba iyakar ƙasa da ƙasa ba. Ga kuma tsofaffin rijiyoyin man Tekun Arewa da haƙarsu ke ja baya tun 1999: wa zai biya kuɗin toshe su?

Shawarata, gwamnatocin Sikotlan da Birtaniya su amince a rubuce kan layin, bisa yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, kafin a tsayar da ranar ƙuri'a.

Wassalam.