A zauna kusa da yaron kafin a zaɓa masa manhaja

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da ma'aikatanka. Ka ba ni fili in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake zaɓa wa ƙananan yara masu buƙata ta musamman manhajojin karatu na waya da na tablet.

Gyaran salula nake yi a wata rumfa kusa da babbar kasuwar Maradi, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ni ba malami ba ne, ba kuma likita ba, uba ne. Ɗana na fari, wanda kun san ba zan kama sunansa ba, shekararsa bakwai. Naƙudarsa ta yi tsawo, da ya faɗo kuma bai yi kuka da wuri ba. Likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ta rasa iska na ɗan lokaci, shi ya sa gaɓoɓinsa ba sa yi masa biyayya. Hannunsa na dama a dunƙule yake, na hagu yana aiki amma yana rawa. Maganarsa ba ta wuce kalma huɗu ko biyar ba, su ma mu na gida kaɗai muke ganewa. Amma yana ji, yana fahimta, in an yi abin dariya shi ke riga kowa. Akwai waɗanda suka ce mana ɗan ruwa ne, mu kai shi bakin gulbi. Mu lakwal, wato makarantar boko, muka kai shi.

Bara wata ƙungiya ta kawo tablet goma sha biyu ajinsu, kuma ina yi musu fatan Allah Ya saka da alheri, don niyyarsu mai kyau ce. Da yake madam ɗinsu ta san sana'ata, sai ta kira ni in taya ta kunnawa. Na zauna kan tabarma kusa da yarona. Manhajar ta buɗe da kiɗa, sai muryar wata mata ta ce da Faransanci a taɓa tuffa. A gilashin ga tuffa, ga wasu ƴaƴan itace biyu da ni kaina ban taɓa ganinsu a kasuwa ba, a sama kuma wani jan layi yana ta raguwa. Madam ta fassara masa. Na ga idonsa ya sauka daidai kan tuffar. Ya ɗaga hannu, hannun na rawa, ya yi ta lallaɓa shi kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike. Kafin yatsan ya isa, layin ya ƙare, abin ya yi ƙara, baƙar alama ta rufe hoton. Ya sake gwadawa. Wannan karon ya isa, amma gefen tafinsa ya goga wani hoton, ƙarar ta sake tashi. A na uku bai ma ɗaga ba. Ya cusa hannun cikin rigarsa, ya juya fuskarsa ga bango.

Malam Edita, yaron nan ya san amsa. Abin da manhajar ta auna saurin yatsa ne, ta rubuta masa sifiri a kan sanin ƴaƴan itace. Gefensa akwai wata yarinya kurma, ita duk umarnin da murya yake zuwa, ba hoto ba alamar hannu, sai ta yi ta danna duk abin da ta ga dama. Bayan mako uku manhajar ta ƙi buɗewa gaba ɗaya sai an haɗa ta da intanet. Wa zai sayi mega na tablet goma sha biyu kowane wata? Aka jera su cikin kabad aka sa kwaɗo.

Abin ya hana ni barci. Na koma rumfa na shiga sauko da irin waɗannan manhajoji ina gwadawa a wata tsohuwar Tecno, har na fitar wa kaina hanyar tantancewa da ba ta cin ko dala. Da farko nakan kashe intanet in ga ko za ta yi aiki. Mu da muka ga yadda garin nan ya zauna cikin duhu lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya a 2023, ba sai an yi mana bayanin dalili ba. Sannan in kashe sauti in ga ko kurma zai gane abin da ake so ya yi. Wanda ya fi muhimmanci a gare ni shi ne in dunƙule hannuna in yi wasan da bayan yatsu, a hankali, kamar yadda yarona zai yi. Wallahi yawancinsu a nan suke faɗuwa: maɓallai ƙanana a cunkushe, ko a ce sai ka ja abu daga wannan kusurwa zuwa waccan ba tare da ka ɗaga yatsa ba. Wadda ke da agogon ƙidaya da ba a iya kashewa, ko take yi wa yaro ihu in ya yi kuskure, ba na ɓata lokaci a kanta. Haka mai talla. Yaro mai rawar hannu sau ɗaya zai goga tallar, ka same shi a wani shafin da ko babba bai kamata ya gani ba.

Daga cikin waɗanda suka tsallake akwai GCompris, wadda wani Bafaranshe, Bruno Coudoin, ya fara a shekarar 2000. Kyauta ce, ba talla, an yi ta don yara daga shekara 2 zuwa 10, tana da wasanni fiye da ɗari, kuma in an gama sauko da ita tana aiki ba intanet. Ba duka wasanninta suka dace da yarona ba, uku kawai na bar masa. Wanda ya fi so shi ne na share gilashi: duk inda hannunka ya bi sai murfin ya goge, hoton dabba ya rinƙa bayyana. Ba gaggawa, ba faɗuwa. Dunƙulallen hannun nan na dama da ba ya amfani da shi, da shi ya share har doki ya fito. Uwarsa tana tsaye da muciya a hannu, ta kasa cewa komai.

Amma abin da ya canza mana gida manhajar magana ce, irin wadda yaro ke taɓa hoto waya ta faɗi kalmar a madadinsa. Na yi amfani da Cboard, ita ma kyauta, wadda UNICEF ta tallafa wa, don tana barin mutum ya sa nasa hoto ya kuma naɗi tasa murya. Na cire hotunan da ta zo da su. Na ɗauki hoton kofinsa na roba mai tsaga a baki, da ƙwaryar fura, da buta, da tabarmarsa, da ƙofar zaure, da fuskar kakarsa. Hoto shida kacal a shafi, manya manya. Uwarsa ta naɗi kalmomin da Hausa, da muryar da ya saba ji tun yana goye. Mun yi kusan wata biyu muna nuna masa, mu taɓa kofi mu ba shi ruwa, mu taɓa buta mu kai shi bayan gida. Wata ranar Juma'a bayan la'asar yana ta kuka, an ba shi fura ya ture, an ɗauke shi ya banƙare. Na miƙa masa wayar. Ya taɓa kaka. Ya huta, ya tattara ƙarfinsa, ya taɓa ƙofa. Tibiri yake son zuwa, wurin tsohuwa. Na goya shi a babur muka tafi. Shekara bakwai muna yi masa canki-canka, ran nan da kansa ya faɗi abin da yake so.

Shi ya sa maganar harshe ta tsaya mini a rai. Yaro lafiyayye ma da ƙyar yake haye Faransanci a ajin farko, balle wanda kowace kalma sai ya sha wuya kafin ta zauna masa. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. To ina amfanin hakan ga yaron da allonsa ba ya jin Hausa? Ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, an kuma yi doka a 2019 kan shigar da su cikin al'umma. Haƙƙin karatu da ke cikin takardun nan bai cika ba in kayan karatun da aka ba yaro ba zai iya taɓa su ba.

Kuma kada a ɗauka manhaja ɗaya za ta ishi aji guda don kawai an kira su duka masu buƙata ta musamman. Kurma hoto yake so da alamar hannu, irin wadda malaminsa ke yi, domin alamun Faransa daban, na kuramen garin nan daban. Makaho ƙarami, a ganina, yatsunsa su fara sanin ɗigo shida na rubutun Braille kafin a haɗa shi da TalkBack mai karanta abin da ke kan waya. Akwai kuma yaron da kiɗa da walƙiyar launi ke firgita shi, shi sai mai shiru.

Iyayen da ke zuwa rumfata su ce in sa wa yaro wasan karatu, nakan ce su zo da yaron. Minti goma na kallon hannunsa da idonsa ya fi duk abin da aka rubuta a bayanin manhajar. Nakan shiga saitin waya in ƙara tsawon lokacin dannawa, in kuma kafe shafin don kada ya fita ba da niyya ba. Kuma nakan roƙe su kada su mai da wayar mai reno. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana yana zaune gaban allo. Nawa ya girmi haka, amma minti ashirin muke yi na wasa, da mutum a gefensa. Allon maganarsa ne kawai ba na ƙwacewa, don bakinsa ne.

Roƙona ga masu sayen kayan nan, na gwamnati da na ƙungiyoyi, shi ne kafin a biya kuɗi a kawo guda ɗaya aji, a bar ta mako biyu a hannun madam da yaran, a ji ta bakinta da ta iyaye. Ga ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maradi kuma, GCompris ƴan sa kai ne ke fassara ta zuwa harsuna, ƙofa a buɗe take ga Hausa.

Madam ta samu izini an buɗe kabad ɗin. Kowace Asabar nakan ɗauko biyu in kai rumfa, in sa musu abin da ya dace da yaron da zai riƙe. Bakwai sun koma aji. Ta yarinyar nan kurma ce ta tsaya, muna jiran yayarta ta dawo daga Dakwaro mu ɗauki bidiyon alamomin da suke yi da ita a gida.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Mai gyaran salula,
Unguwar Zariya, Maradi