Wasiƙa zuwa Kolombus: maganar da ka fara a waya

Jos, daren Laraba

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya aiki, ya sanyin jihar Ohayo ta Amurka? Mu ma nan hunturu ya sako kai, sai dai namu wasan yara ne a kan naku. Mai ɗakina tana gaishe ka, Hajiya kuma ta ce ka yi mata shiru da yawa.

Tun daren da ka kira ni ban samu sukuni ba. Ka ce abin nan ya fi ƙarfinka, kafin in buɗe baki ka mayar da hirar ta ƙwallo. Na ƙyale ka, amma na gane muryar, domin da irinta na yi magana shekara 7 da suka wuce, lokacin ina Baltimo, ina ɓoye kwalbar giya a ƙarƙashin kujerar mota. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗa maka yadda na yi.

Kafin komai, ka ga likita. Ka ce da safe hannunka na rawa sai ka kurɓa yake tsayawa. Wanda jikinsa ya saba da giya haka, in ya yanke ta rana ɗaya, yana iya faɗuwa da jijjiga ko ya ruɗe yana gane-gane, yawanci cikin kwana 2 zuwa 3 na farko, kuma abin yana kisa. Akwai maganin da ake bayarwa a sauko a hankali. Kada ka yi jarumta a nan.

Sai maganar zama da 'yan'uwa masu irin wannan ciwo. Ƙungiyar da ta fi yawan zama ita ce Alcoholics Anonymous, wadda ake kira AA. Abin dariya, a jiharku ma aka haife ta, a garin Akron, a 1935, lokacin da wasu mashaya biyu, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka gane cewa in suna hira da juna suna iya wuni ba su sha ba. Daga inda kake tafiyar awa biyu ce a mota. Ka sauke manhajarsu mai suna Meeting Guide, mai hoton farar kujera, za ta nuna maka zaman da ke kusa da kai da lokacinsa. Akwai na sassafe, akwai na tsakar rana, akwai na dare, saboda haka aikin darenka ba hujja ba ne. Za ka ga an rubuta wani buɗaɗɗe, wani rufaffe. Buɗaɗɗen kowa na iya shiga, rufaffen na masu son daina sha ne kaɗai. Ba rajista, ba kuɗin shiga, kwando kawai ake zagayawa da shi, mai dala ya jefa, marar ita ya miƙa gaba. Sunan farko kaɗai ake faɗa. Zaman kamar awa ɗaya ne, kuma in ba ka son magana ka ce sauraro ka zo. Ni sai da na yi zama 5 ban ce uffan ba, kofi mai ɗaci kawai nake sha.

Na san abin da zai tsaya maka a rai, don ni ma shi ya tsayar da ni wata biyu: da yawa daga cikin zaman a ɗakunan ƙasa na coci ake yi. Haya suke biya, ƙungiyar ba ta coci ba ce. Suna maganar dogaro da Ubangiji yadda kowa ya fahimce shi, ni kuwa na san wanda nake nufi. A wasu wuraren ana rufewa da addu'ar Kirista, sai in yi shiru in karanta tawa a zuci, ba wanda ya taɓa harara ta. In duk da haka zuciyarka ba ta kwanta ba, akwai Millati Islami, wadda Musulmi suka kafa a Baltimo a 1989, matakai 12 na daina sha da AA ke bi ne aka daidaita su da Alƙur'ani da sunna, suna kuma zama ta intanet. Akwai kuma SMART Recovery, su ba ruwansu da zancen addini, dabarun sarrafa tunani da kwaɗayin sha suke koyarwa.

Za ka ce idan wani ɗan gida ya gan ka fa? Wanda ka tarar a ɗakin, abin da ya kai ka shi ya kai shi. Ni a ganina surutun mutanenmu ya fi sauƙi a kan a tsayar da kai a hanya da warin giya a baki, lasisi ya tafi, aiki ya bi shi.

Kada ka yanke hukunci da zaman farko. Nawa na farko bai yi mini ba sam, wani dattijo ne ya cinye lokacin da labarin tsohuwar matarsa. Na uku ne na samu wanda ya zama madogarata, wani direban babbar mota da ya shekara 20 bai sha ba. Ya rubuta mini lambarsa a bayan rasit, ya ce in kira shi kafin in buɗe kwalba, kada in bari sai bayan na buɗe. Na kira shi ƙarfe uku na dare ya fi a ƙirga.

Ban gaya wa kowa maganarka ba, har mai ɗakina. Ka duba manhajar yau, ka turo mini rana da lokacin zaman da ka zaɓa. Mun riga ku da awa 6 yanzu, amma zan zauna da waya a hannu har ka fito.

Naka,
abokinka na Jos