Katin memba da otal ɗin cikin hamada: a tambaya kafin a kama hanya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka bani ɗan fili inyi magana akan wani abu da naga mutane da yawa sun fara shiga ba tare da sun gane kansa ba, wato katin memba da manyan kamfanonin otal ke bayarwa, wanda ake tara maki dashi, musamman in mutum yace zai je ya more shi a irin otal ɗin nan na shaƙatawa da ake ginawa a tsakiyar hamada. Ni ma memba ne, na kuma je na kwana a irin wannan wuri, kuma gaskiya abinda na gani yasa nace bari in rubuto, sabida katin da yake maka aiki sosai a otal ɗin cikin gari in ka kaishi hamada sai kaga ya rage ƙarfi, kuma babu mai faɗa maka hakan sai ka iso.

Ga wanda bai sani ba, tsarin ba sabo bane. Kamfanin jirgin sama na American Airlines ne ya shahara dashi tun 1981, daga nan otal-otal suka ɗauka, Holiday Inn da Marriott duk sun fito da nasu a 1983. Shiga kyauta ne, ka bada suna da imel a baka lamba, duk kwanan da kayi a rubuta maka maki, in sun taru ka canjasu da kwana kyauta. Sannan akwai matakai. A tsarin Marriott Bonvoy misali, wanda aka ƙaddamar a 2019 bayan kamfanin ya sayi wani kamfanin otal mai suna Starwood a 2016, kwana 10 a shekara zai kaika Silver, 25 Gold, 50 Platinum, 75 Titanium. Kaga kenan wanda ya kai Platinum ya kwana a otal ɗinsu kusan wata biyu cikin shekara, ba ƙaramin kuɗi ya zuba ba, dole yaji cewa yana da haƙƙi in ya shigo. Nan ne matsalar take farawa.

Abinda ke jan mutane hamada kuwa ba sai an faɗa ba, wuraren suna da kyau wallahi. Akwai Al Maha a cikin gandun da Dubai ta keɓe don kare hamada, fili ne mai faɗin murabba'in kilomita 225, inda mariri da barewa ke yawo kusa da ɗakuna, kuma wannan maririn na Larabawa an taɓa ƙarar dashi a daji gaba ɗaya a 1972 sai da aka kiwata shi a killace aka dawo dashi Oman a 1982. Akwai Qasr Al Sarab a yankin Liwa na Abu Dhabi, a bakin Rub'ul Khali, hamadar yashin da ta ratsa Saudiyya da Oman da Yaman da Daular Larabawa. Akwai na Merzouga a Maroko, da Wadi Rum a Jodan, da Sossusvlei a Namibiya, sannan Amurka ma tana da nata a Arizona da Palm Springs. Wasu na ƙarƙashin manyan kamfanoni masu kati, wasu kuma masu zaman kansu ne ko maki ɗaya baza ka samu ba, to tun daga nan ya kamata mutum ya fara bincike.

Otal ɗin da ni na sauka bazan kira sunansa ba, haka kamfanin da nake riƙe da katinsa, don ba ɓata wani nazo yi ba kuma ma'aikatan wurin sun kyautata min iya ƙarfinsu. Amma ga yadda akayi. Na isa risefshan bayan doguwar tafiya a mota, aka tarbeni da fara'a, yarinyar da ke kan kwamfuta ta duba lambata tace muna godiya da kasancewarka tare damu, sai na tambayi ɗakin da ake cewa ana sauya wa memba zuwa mafi girma, ta ɗan juyo da fuskar kwamfutar wajena ta nuna min da yatsa, layi-layi duk ja, babu ko ɗaki ɗaya a buɗe, tace yallaɓai lokacin sanyi ne kowa yanzu yake zuwa. Na tambayi jinkirta fita zuwa la'asar, tace a nan sai in da hali, kuma gobe babu hali don masu shigowa sun cika. Batayi ƙarya ba ko kaɗan, a rubuce yake cikin sharuɗɗa, kawai dai a talla da manyan haruffa ake rubuta alfarmar, sharaɗin kuma a can ƙasa da ƙanana.

Kuma wannan ba halin kamfani ɗaya bane, kowa zai iya buɗe sharuɗɗan ya karanta. A Marriott, mai Platinum an lamunce masa ya zauna har ƙarfe 4 na yamma a yawancin otal ɗinsu, amma an cire otal-otal na shaƙatawa da na manyan taruka, can sai in akwai wuri. Karin kumallo kyauta ma mai Gold baya samu a matsayin haƙƙi, mai Platinum ɗin ma ba'a kowane otal ɗinsu yake samu ba, a Ritz-Carlton da ke ƙarƙashinsu misali babu. Sauya ɗaki kuwa kusan ko'ina sharaɗinsa ɗaya ne, in akwai. To otal ɗin cikin gari mai ɗakuna ɗaruruwa da ƴan kasuwa ke shiga suna fita kullum, da wuya a rasa ɗaki. Na hamada yawanci ɗakunansa kaɗan ne, kuma kowa lokaci ɗaya yake so, a yankin Larabawa daga wajen Nuwamba zuwa Maris, sabida da bazara zafin yakan haura digiri 45, ko ƙofar mota baka iya taɓawa da rana. Ranar da alfarmar zata samu cikin sauƙi ita ce ranar da kai ma baza ka iya fita yashi ba.

Abinda yafi damuna dai ba ɗaki bane, Malam Edita, nisa ne. A gari in abincin otal yayi maka tsada sai ka fita ka zaga ka samu wani wuri, in motarsu tayi tsada ka tsaida tasi. A hamada babu wannan, duk inda ka duba yashi ne, garin da yafi kusa zai iya kaiwa awa ɗaya ko biyu, don haka abinci nasu, ruwa nasu, mota tasu, hawan raƙumi nasu, fita da jif kan tudun yashi nasu, kallon wasan shaho nasu, kuma makin da ka tara a yawancin wurare kuɗin ɗaki kawai yake biya. Sai mutum yazo da murnar kwana kyauta, ranar tafiya a miƙo masa bil mai shafi biyu ya tsaya yana kallo. Akwai wuraren da suke haɗa abinci da wasu fita-fita cikin kuɗin ɗaki, wannan gaskiya ne, amma ko can ɗin sai ka tambaya ko wanda ya biya da maki yana cikin wannan haɗin ko kuwa na masu biya da kuɗi ne kawai, don amsar tana bambanta daga otal zuwa otal kuma tana canjawa.

Sai kuma cajin da ake ɗorawa kullum da sunan kuɗin kayan shaƙatawa, wai na wurin iyo da intanet da tawul da makamantansu, ko ka taɓa ko baka taɓa ba. Yafi yawa a Amurka, har hukumar kare masu saye ta ƙasar, FTC, ta fito da doka da ta fara aiki a watan Mayun 2025 cewa dole a nuna wa mutum jimillar kuɗin tun farko, a daina ɓoye shi sai wajen biya. A nan kamfanonin sun bambanta kuma ya kamata a yaba wa wanda yayi daidai, Hilton da Hyatt suna yafe wannan cajin in da maki zalla ka biya kwanan, Marriott kuwa ba ƙa'idarsu bace su yafe. Wannan kaɗai zai iya canja lissafin mutum gaba ɗaya.

Makin kansa ma mutane su daina ɗaukarsa kamar kuɗi a banki. Kamfani ne ke yanke darajarsa, kuma yana iya canjawa duk ranar da yaga dama. A da akwai jadawali, ka san otal kaza maki kaza ne, amma Hilton ta ajiye nata tun 2017, Marriott ma ta ajiye a 2022, yanzu makin da ake nema yana hawa yana sauka ne da farashin ranar, wanda ke nufin a lokacin sanyi da kowa ke son hamada makin ma tashi yake. Kuma in ka bar asusun shiru ba shiga ba fita, a Marriott bayan wata 24 makin zai iya ƙonewa. Ga wani tarkon da yake kama mutane sosai, in ka kama ɗaki ta shafukan intanet irin su Booking.com ko Expedia don ka ga ragi, yawanci ba maki ba alfarma, kwanan ma baza a lissafa maka ba, sai kazo kana nuna kati a risefshan suce ai ba ta hannunmu ka shigo ba.

Kar a ɗauka nace katin bashi da amfani fa. Yana da shi. A Marriott in ka biya kwana biyar a jere da maki ɗaya daga ciki kyauta ne, Hilton ma tana da irin wannan ga masu mataki, kuma a otal mai tsada irin na hamada wannan ba ƙaramin abu bane. Akwai farashin memba da yake ɗan sauka, kuma in matsala ta taso kana da inda zaka kai ƙara sama da manajan wurin. Abinda nake ƙi shi ne mutum ya zaɓi wuri don kati kawai, ya tsallake wanda yafi dacewa dashi da iyalinsa, ko ya ƙara kwanakin da baya buƙata a ƙarshen shekara wai don kar matakinsa ya faɗi. Maganar iyali ma, wasu wuraren basa karɓar ƙananan yara sam, wasu fita-fitan kuma akwai iyakar shekaru, kati baya cire wannan.

Kuma duk abinda ya zauna min a rai daga wancan wuri babu ruwansa da kati. Da asuba wani matashi cikin masu jagora ya fita damu a ƙafa, sanyi har cikin ƙashi don hamada da dare ba wasa, ya durƙusa ya nuna mana sawu akan yashi, wannan na ƙadangare ne kaga inda jelarsa ta ja layi a tsakiya, wannan na ƙwaro ne, wannan barewa ce ta wuce da gudu shi yasa sawun yayi zurfi ta gaba, yace nan da hantsi iska zata share duka. Bai tambayi kowa matakinsa ba, mai Titanium da wanda bai taɓa jin sunan kati ba duk tare muka tsuguna. Irin waɗannan ma'aikata da yawansu daga ƙasashe masu nisa suka zo, suna zaune nesa da gari nesa da iyalansu, kuma abin takaici su ne memba ke sauke wa fushi in ba'a bashi ɗaki babba ba. Na ga wani yana ɗaga murya akan yarinyar risefshan yana buga kati akan tebur, raina ya ɓaci sosai, don ba ita ta rubuta sharaɗin ba, ba ita ta cika ɗakunan ba.

Akwai kuma maganar ruwa da bana so in wuce. Wurin da ruwan sama baya kaiwa milimita 250 a shekara shi ake kira hamada, wasu wuraren ko kusa basa kaiwa, amma sai kaga ɗaki da wurin iyonsa na kansa, ga ciyawa kore shar. Ruwan nan ko dai an haƙo shi daga ƙarƙashin ƙasa inda baya saurin dawowa, ko an tace na teku da wuta mai yawa an jawo shi daga nesa. Memba da ake lallashi kar ya gudu yana da bakin magana fiye da kowa, in yana cika fom ɗin ra'ayi bayan ya fita ya tambaya mana ina ruwan wanka ke zuwa, ana sake amfani dashi wajen ban ruwa ko a'a, kamfani yana karanta abinda masu manyan kati suka rubuta.

Shawarata ga duk mai niyyar zuwa, kafin ka taɓa makinka ko kuɗinka ka tura imel kai tsaye ga otal ɗin ba babban ofishin kamfani ba, ka faɗi matakinka da ranakunka, ka tambaya ɗaya bayan ɗaya, karin kumallo na mutum nawa, akwai cajin kullum ko babu, ɗauko ni daga filin jirgi nawa ne kuma motar gida zata iya shiga hanyar ko sai jif, waɗanne fita-fita ne cikin kuɗin ɗaki, ƙarfe nawa zan fita, in na fasa zuwa kwana nawa kafin ranar za'a mayar min da makina, don otal-otal na shaƙatawa sukan sa wa'adi mai tsawo fiye da na gari. In sun amsa ka ajiye amsar a waya, kayi mata hoto ma sabida sabis a can ba tabbas.

Ku kuma Malam Edita, don Allah in zaku buga labarin yawon buɗe ido ko tallar irin waɗannan wurare, ku sa wakilinku ya nemi sharuɗɗan katin ya fassara mana su da Hausa a gefen hotunan, musamman layukan da ke cewa in akwai wuri da kuma banda otal ɗin shaƙatawa, don yawancin masu karatunku da Turanci kawai ake miƙo musu wannan takarda kuma a gaggauce suke danna na yarda.

Na gode da wannan fili da ka bani, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu