Ƙera cip a nahiyoyi uku: wajen miƙa aiki ake yin ɓarna

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku don yin tsokaci kan yadda ake jagorantar injiniyoyin da ke ƙera cip, ɗan guntun silikon nan da ke cikin waya da mota da kwamfuta. Cip guda ana iya tsara shi a Kalifoniya, a tantance zanensa a Bangalor ta Indiya, sannan kamfanin TSMC ya buga shi a Taiwan da injinan kamfanin ASML na ƙasar Holan. Abin ya daɗe, domin tun 1985 kamfanin Texas Instruments na Amurka ya buɗe cibiyar zane a Bangalor. Amma har yau wuri guda ake tuntuɓe, wato lokacin da aiki zai bar hannun wata tawaga ya koma hannun wata.

Tsakanin Kalifoniya da Bangalor akwai ratar awa 12 da rabi, takan koma 13 da rabi daga Nuwamba zuwa Maris saboda Amurka na sauya agogo, Indiya ba ta sauyawa. Wanda ya aika tambaya da yammacinsa sai gobe zai ga amsa, in kuma tambayar ba ta fito fili ba, wani yinin ya sake tafiya. Shi ya sa ban yarda da shugabannin da ke cewa wannan rata za ta sa a yi zane dare da rana ba. Gwajin da kwamfuta ke yi ita kaɗai cikin dare, wannan kam yana yiwuwa. Zane kuwa sai a raba shi sashe-sashe, kowane sashe ya zauna a wuri guda da mutum guda da zai amsa sunansa, a kuma rubuta yadda sassan za su haɗu: faɗin layin bayanai, saurin bugun agogon cikin cip ɗin, da abin da zai faru idan aka sake kunna na'urar.

Takardar miƙa aiki ta ƙarshen yini ta faɗi sigar zanen da aka gwada, gwajin da bai yi ba, lambar da za ta sake haifar da kuskuren, da abin da aka riga aka jarraba. In babu waɗannan, tawagar da ta karɓa za ta ɓata safiyarta tana neman abin da an riga an gano.

Babban abin tsoro shi ne saɓanin siga. Masana'antar da ke buga cip kan sabunta kundin ƙa'idojinta da ake kira PDK, sai wata tawaga ta ɗauki sabo, wata tana kan tsoho, kowa kuma gwajinsa ya nuna lafiya lau. Maganinsa rumbun ajiyar fayiloli guda, mutum guda mai ikon sauya siga, da kulle komai makonni kafin a miƙa zane ga masana'anta. Cip ba manhaja ba ne da za a gyara ta intanet. In an yi kuskure sai an sake gilasan da ake buga zanen a kan silikon da su, masu cin miliyoyin daloli, kuma sai an jira kusan wata uku kafin samfuri ya fito. Kuskuren lissafin da aka gano a cip ɗin Pentium a 1994 ya ci wa kamfanin Intel da ya ƙera shi dala miliyan 475.

Akwai kuma doka. Tun Oktoban 2022 Amurka ta tsaurara takunkumin kai fasahar cip zuwa Sin, kuma buɗe wa injiniya fayil daga wata ƙasa na iya zama karya doka, don haka a tsara izinin shiga rumbu kafin a fara aiki. A duba kalanda, kada ranar miƙa zane ta faɗo cikin hutun sabuwar shekarar Taiwan ko bikin Diwali na Indiya. Taron mako kuma a riƙa juya lokacinsa, domin tawagar da kullum ita ke hana idonta barci takan daina magana a taro, kuskuren da ta hango kuma ya wuce ba a ji ba.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku