A Ware wa Dattawan Safiyo Lasisin Ritaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi kira ga hukumar SURCON, wadda dokar soja mai lamba 44 ta 1989 ta ɗora wa alhakin rajistar masu aikin safiyo a Najeriya, game da dattawan wannan sana'a da ƙarfinsu ya ƙare.

A jihar Washinton ta Amurka, safiyon da ya kai shekara 65 kuma ya ajiye aiki yana iya neman a mayar da rajistarsa ta ritaya. Daga nan ya huta da biyan kuɗin sabunta lasisi, kuma ba shi da ikon sa hannu ko buga hatimi a taswirar fili. Sunansa na safiyo kuwa yana nan, sai dai a nuna cewa ya yi ritaya. Yana iya koyarwa, yana iya shaidar ƙwarewar yaran da suka yi aiki a ƙarƙashinsa, kotu ma tana iya jin bayaninsa kan awon da ya yi da hannunsa. Kalifoniya ita ma tana ba da lasisin ritaya.

Batun kotun nan ne ya fi jan hankalina. Duk wanda ya taɓa bin shari'ar fili ya san yadda take kasancewa. An kafa dutsen siminti mai lamba a kusurwar filoti shekara 30 da suka wuce, magini ya zo ya tumɓuke shi wajen haƙar harsashi, ko ƙasa ta binne shi, fayil ɗin kuma gara ta cinye rabinsa. Na'urar GPS ba za ta gaya maka an ja layin ne daga bakin tsohuwar rijiya ko gindin kukar da aka sare ba. Dattijon da ya ja sarƙar awo a wurin cikin rana, shi ya sani. Yanzu da hukumomin filaye na KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano ke zuba bayanan filaye a kwamfuta, irin waɗannan mutane ya kamata a riƙa tambaya tun suna raye.

Sai kuma hatimi, wanda wallahi yana damuna. Tsoho ya daina zuwa daji, fansho ba ya isa, sai marasa rajista su yi awonsu yadda suka ga dama su kawo masa ya buga a ba shi na goro. Talakan da ya sayi filin shi ke kwana a ciki, sunan dattijon kuma ya ɓaci a banza.

Don haka ina roƙon SURCON, tare da ƙungiyar safiyo ta NIS da aka kafa tun 1934, su fitar da tsari bayyananne: a karɓi hatimin mai ritaya, a ɗauke masa kuɗin shekara, a bar sunansa a rajista, littattafan awonsa kuma a adana su a ofishin babban safiyo na jiharsa.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya