Kafin a sayi fenti, a duba littattafan Baba Likita

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe ina roƙon ɗan fili ne a jaridarka in yi magana a kan wani bawan Allah da muka rasa watan jiya a ƙauyenmu da ke yankin Dambatta. Ba zan faɗi sunansa ba don shi kansa bai so a dinga yayata shi, mu dai Baba Likita muke ce masa, yara da yawa ma sun ɗauka sunan yankansa kenan. Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta.

A ABU Zariya ya yi karatun likita, ya yi aikin gwamnati, abokan karatunsa da yawa sun tafi Saudiyya da Ingila suna aiko masa da hotuna, shi kuwa ya dawo gida ya buɗe ɗan ɗaki biyu kusa da masallacin Juma'a, benci ɗaya, gado biyu, sai babur ɗinsa da duk garin an san ƙararsa tun daga nesa.

Ni abin da ba zan manta ba shi ne sanƙarau na 1996, lokacin zafi, ga kwalara ga ƙyanda duk a shekara ɗaya. Ƙanwata tana da shekara shida ta kwana da zazzaɓi tana ta kukan kai, Inna ta ce iska ce a kawo hayaƙi. Wajen ƙarfe biyu na dare na je na buga masa ƙofa, ko hula bai tsaya sawa ba. Da ya shigo ya ce in riƙe masa fitilar ƙwai, ya sa hannu a ƙeyarta ya ce "Uwata, taɓa min ƙirjinki da haɓarki mu gani." Ta kasa, wuyan ya ƙage kamar itace. Nan take ya yi mata allura, ya cire faifan Inna daga jikin ƙusa ya rataye ledar ƙarin ruwa a wurin, sannan ya sa aka buɗe tagar da muka toshe da tsumma ya kori sauran yaran waje su kwana a tsakar gida. Bai tafi ba sai da aka yi kiran assalatu. Yarinyar nan yau ƴaƴanta biyar, kunnenta ɗaya ne dai bai ji sosai. Kuɗin aikin? Kwano huɗu na gero mahaifinmu ya kai masa bayan kaka, ya karɓi biyu ya ce a mayar da biyu a yi mata kunu.

Kada wani ya ɗauka waliyyi nake ba da labari. Mutumin nan akwai faɗa wallahi. In ka bar matarka ta kwana biyu tana naƙuda kafin ka kira shi, a gaban surukanka zai wanke ka tas, ni ma na sha nawa. Da wanzamai kuwa sun daɗe ba sa ga maciji saboda cire beli da ake wa jarirai, sai daga baya ya gane faɗan ba ya kai shi ko'ina ya koma zama da su a inuwa ana shan fura ana magana.

A 2003 da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, mutane suna tsoro, kuma tsoron yana da dalili don ba a manta gwajin maganin da aka yi wa yara a birni a 1996 ba. Bai zagi kowa ba, bai ce mana jahilai ba. Da aka dawo da rigakafin a 2004, bayan an sauko daga Juma'a ya ɗauko ƴar autarsa ya ɗiga mata a baki a gaban liman da mai gari. Shi kenan wa'azinsa. Ranar da aka sanar a 2020 cewa Afirka ta rabu da cutar, na same shi da rediyo a kunne yana ta murmushi shi kaɗai.

To Edita ga abin da ya sa na ɗauko waya nake wannan dogon rubutu. Tun ranar sadakar uku ake ta maganar a haɗa kuɗi a yi allo a sa wa layin sunansa, a yi wa ɗakin fenti. Ban ce laifi ba ne. Amma a ɗakin nan akwai kwalaye cike da littattafan rubutu irin na ƴan makaranta, kowane gida da shafinsa. Na ga namu da idona, ya rubuta cewa kulorokwin na sa mu ƙaiƙayi, kakanmu hawan jini ne ya kashe shi don haka a dinga auna mu, matata ta zubar da jini a haihuwar fari kada a yarda ta sake haihuwa a gida. Wa ya san wannan yanzu? Mai kemis bai sani ba, shi dai ka faɗi abin da ke damunka ya ƙulla maka ƙwayoyi kala uku a leda. Kuma gara ta fara cin kwalin ƙasa, damina na tafe, rufin yana yoyo.

Akwai yara mata biyu da shi ya shawo kan iyayensu suka shiga makarantar ungozoma ta Dambatta, shi yake biyan rabin kuɗin, ɗaya saura mata shekara guda ta gama, yanzu uban yana cewa ta dawo gida a yi mata aure. Ina roƙon ƴan garinmu da ke Kano da Abuja da Legas, na san kuna karanta jaridar nan, kuɗin allon a sayi akwatin ƙarfe mai kwaɗo a zuba littattafan tunda sirrin mutane ne, makullin ya zauna wajen Hajiya matarsa, ragowar a biya wa yaran nan. Na yi magana da Hajiya ta amince. Ranar Lahadi bayan an tashi daga kasuwa za mu zauna a ƙofar gidan mai gari, wanda ba zai samu zuwa ba ya turo wakili.

Naku,
Wani malamin firamare daga yankin Dambatta, jihar Kano