Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Dublin

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa.

Taron wata-wata ya gudana yadda aka saba, sai na watan azumi da muka ɗage.

Abin da ya fi faranta mini rai bana shi ne zagayen da muka kai wuraren tarihin gwagwarmayar 'yancin Ayilan. Mun faro daga babban gidan waya na titin O'Connell, inda Patrick Pearse, ɗaya daga cikin jagororin boren da aka yi wa mulkin Birtaniya, ya karanta shelar kafa jamhuriya ranar 24 ga Afrilu, 1916. Daga nan muka taka zuwa titin Moore. Nan fa iyayenmu mata suka riƙe baki, don layin da suke zuwa cefane ne, ashe a gida mai lamba 16 jagororin boren suka yanke shawarar miƙa wuya a rana ta shida ta ɓarin wuta.

Amma kurkukun Kilmainham ne ya fi taɓa zuciya. Mai yi mana jagora ya kai mu ɗakin ibadar da aka ɗaura auren Joseph Plunkett da Grace Gifford, sa'o'i kaɗan kafin a harbe ango. Sannan ya fito da mu farfajiyar da aka harbe jagororin boren su 14 tsakanin 3 zuwa 12 ga Mayu. James Connolly ma a kujera aka ɗaure shi, saboda raunin ƙafarsa ya hana shi tsayuwa. Yaranmu da ba sa rabuwa da waya suka yi tsit. Wani dattijonmu ya tuna musu cewa Turawan da suka yi wannan aiki, su ne suka rushe Satiru ta ƙasar Sakkwato a 1906. Har muka hau mota yara na ta tambayar ina ne Satiru. Allah ya saka wa matan da suka kawo mana masa da kunun gyaɗa da alheri.

Game da ziyarar maƙabartar Glasnevin da muka yi alkawari, na ji ana cewa kwamiti ya yi sakaci. Ba haka ba ne. Mun so yara su ga kabarin wasu jagororin gwagwarmayar 'yancin Ayilan, wato Michael Collins da Roger Casement, wanda ya taɓa aiki a Kalaba kafin a rataye shi a Landan a 1916. Sai dai tikitin Kilmainham tun da wuri ake saye ta intanet, wasu kuma suka ba da suna ba su zo ba, ba su biya ba. Aljihuna da na ma'aji ne suka cike giɓin. Da me za a ɗauki motar Glasnevin?

Ajin Hausa na yara ma haka ya tsaya, don mai ɗakin yana neman kafin alƙalami, asusu kuwa wayam. Waɗanda suka biya kuɗin wata ba su kai rabinmu ba. Na kira, na tura saƙo, wasu har gida na bi su, kullum amsar ita ce "sai ƙarshen wata". Abin ciwon, masu yawan ƙorafi a zauren WhatsApp ba ma ganin fuskarsu sai ranar walimar Sallah.

Duk wanda ake bi bashi ya ga ma'aji kafin taro mai zuwa. In kuɗin ya taru, Glasnevin ce farko da zarar sanyi ya lafa, in sha Allah.

Wassalam,
Magatakarda